Son tsohon ƙaramin jirgi: matakan da za ka bi kafin ka saya ka kawo shi Garwa

Wanda ya taɓa tsayawa a gefen titin jirgi da sanyin safiya, ya ji tsohon Cessna yana ɗumama inji, ya san ciwon da nake nufi. Matuƙan da ke tashi don sha'awar kansu in sun zauna hira, ba kasafai za ka ji sunan sabon jirgi mai allon kwamfuta ba. Zancensu bai wuce Piper Cub mai ruwan ɗorawa, da Cessna na zamanin iyayenmu, da Jodel na katako da Faransawa ke ji da shi. Suna da hujja. Waɗannan jirage ba su da ɓoye-ɓoye, in ka buɗe murfin inji komai na gabanka, makaniki na iya bin kowace waya da ido daga farkonta zuwa ƙarshenta. Kuɗinsu kuma bai kama ƙafar na sabo ba. Da tsohuwar zuma ake magani, haka ne. Sai dai an ƙera su ne don ƙasashen da ba su san hazon da ke tasowa daga Bodele ta Cadi ko zafin Garwa ta arewacin Kamaru na watan Afrilu ba, shi ya sa wanda zai saya a nan lissafinsa ya bambanta da na Bature. Mu uku muka haɗa kuɗi muka sayi namu, ƙirar 1974, kuma abin da zan jera a nan hanyar da muka bi ce, har da inda muka yi tuntuɓe.

Lasin tukuna

Wannan ba zan daɗe a kansa ba. Ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya ita ce shekara 17 da haihuwa, da awa 40 na tashi a ƙalla, da takardar likita. A Turai awa 45 suke nema. Kana iya koyo a kwalejin Zariya da aka kafa a 1964, ko Afirka ta Kudu, ko Faransa. In lasin ɗinka na waje ne, dole hukumar ƙasar da jirgin zai yi rajista ta amince da shi: CCAA a Kamaru, inda lambar jirgi ke farawa da TJ, ko ADAC a Cadi, masu TT. Ka je wurinsu tun kafin ka fara ciniki, ka tambaye su ko suna karɓar irin jirgin da kake so da kuma takardun da za su nema. Ka karɓi amsar a rubuce.

Wane jirgi ne zai iya da ƙasarmu

A nan zuciya da hankali suke rabuwa. Zuciya na son J-3 Cub. An ƙera kusan 20,000 daga 1938 zuwa 1947, injinsa doki 65 ne kacal, kujera biyu gaba da baya, ana buɗe ƙofarsa a sama iska na kaɗa ka. Babu matuƙin da zai gan shi bai haɗiye yawu ba. Amma jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, kuma rana ita ce babbar abokiyar gabar wannan yadin. In ba ka da rumfa mai rufi sosai, kar ma ka soma. Doki 65 kuma a ranar da zafi ya haura digiri 40, da ƙato biyu a ciki, sai ka ga jirgi na jan ciki kamar ba ya son rabuwa da ƙasa. Ƙaninsa Super Cub, wanda ya fito a 1949, ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, musamman mai doki 150, kuma shi ne sarkin gajeren fili. Tsadarsa ce matsala, ga shi tayarsa ta uku a wutsiya take. Irin waɗannan sai ka yi horo na musamman, don in ka yi sakaci da ƙafa wajen sauka, jirgin zai juya da kai ya fuskanci inda ya fito.

Jodel da Robin DR400, wanda ya fara tashi a 1972, jirage ne masu daɗin hannu, ƙungiyoyin matuƙa na Faransa cike suke da su, don haka dillalai za su yi ta tallata maka. Katako ne da gam da yadi. Mu kuwa a shekara guda muna da hunturun da ke tsaga ƙofar ɗaki, da daminar da ke kumbura ta har ta ƙi rufuwa, ga gara a ƙarƙashin kowace rumfa. Ni dai ban ba da shawararsu ba.

Abin da ya rage shi ne na alminiyam. Cessna 150 da 152 na mutum biyu ne, sun dace da koyo da shawagin yamma a kan Binuwai, amma ba sa ɗaukar kaya. Piper Cherokee jirgi ne nagari, sai dai fukafukansa a ƙasa suke, kusa da duwatsu da ciyawa. Cessna 172 da 182 fukafukansu a sama suke: kana ganin ƙasa sosai, sannan in ka sauka a daji kana da inuwar zama. Tun 1956 ake sayar da 172, an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai shi yawa a duniya, ma'ana kayan gyaransa ba sa yankewa kuma kowane makanikin jirgi ya taɓa kwance ɗaya. Ba banza ba masu aikin agaji na ƙungiyar MAF a Injamena da masu tsaron giwaye a gandun dajin Zakuma na Cadi suke dogara da ƙananan jirage masu fiffike a sama. 172 na farko-farko suna da injin Continental mai silinda 6 da doki 145. Daga 1968 aka koma Lycoming mai silinda 4 da doki 150. Akwai kuma waɗanda aka harhaɗa a birnin Reims na Faransa, masu F a gaban lambar ƙirarsu, waɗanda aka san su da fentin hana tsatsa a cikin jiki tun daga masana'anta. Irinsu muka saya. In aljihunka zai iya ɗaukar mai, 182 mai doki 230 ya fi dacewa da zafinmu.

Ka tambayi mai kafin ka tambayi farashin jirgi

Mutane da yawa sai jirgi ya iso suke gane wannan. Tankar da kake gani a filin jirgi kananzir take sayarwa, wato Jet A-1, na manyan jirage. Naka injin fistin ne, man da yake sha shi ne afgas 100LL mai launin shuɗi, kuma samunsa a filayenmu ba abin dogaro ba ne. Galibi sai ka yi odar duro mai lita 200. 172 na shan lita 30 zuwa 35 a awa, ke nan duro ɗaya wajen awa shida ne. Ka nemi mai kawo maka, ka ji farashi har ƙofar rumfa, ka ninka da awannin da kake son tashi a shekara. In lissafin ya ba ka tsoro, gara ya ba ka yanzu.

Akwai sauƙi guda. Tsofaffin injuna marasa matsi sosai, irin Lycoming mai doki 150 da Continental na 172 da 182 na da, ana iya sama musu takardar izini ta musamman da ake kira STC, su sha man mota. Sharaɗin shi ne man ya kasance mai tsabta, kuma babu etanol a ciki, sannan hukumarka ta yarda da takardar. Gwajin etanol ba wuya: zuba ruwa kashi ɗaya a kwalba, ka yi masa alama, ka ƙara mai kashi tara, ka girgiza, ka bari ya kwanta. In ruwan ya haura alamar, akwai etanol, ka ba mai babur. Zuwa-zuwa, wato man bakin titi, kuwa ko kusa da rumfa kar a kawo shi. Ka kuma sani man mota ya fi saurin zama tururi a cikin bututu in zafi ya yi yawa, abin da ke sa inji tari daidai lokacin tashi.

Takardu

Tsohon jirgi littattafansa ne rabin kuɗinsa. Akwai na jiki, akwai na inji, akwai na farfela. Ka sa mai sayarwa ya ɗauki hoton kowane shafi ya turo, tun daga ranar da jirgin ya bar masana'anta. In shekaru sun ɓace a tsakiya, ka tambayi dalili. Amsar da ba ta gamsar ba ta ishe ka janyewa. Ka nemi inda aka rubuta babban gyara bayan hatsari. Hatsarin da aka gyara da kyau aka rubuta ba abin gudu ba ne, wanda aka shafe da fenti shi ne mugu.

Sai awannin inji. Lycoming mai doki 150 ana masa garambawul bayan awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa. Continental mai silinda 6 na tsohon 172 kuwa awa 1,800 ne. Dillali zai ce maka inji bai wuce awa 600 ba, ya yi shiru a kan cewa awa 600 ɗin a shekara 20 aka yi su. Injin da ke zaune ya fi wanda ke aiki lalacewa. A Lycoming sandar da ke buɗe bawul-bawul a sama take, mai ya tsiyaye ya bar ta, tsatsa ta kama. Ka duba awa nawa ya yi a kowace shekara cikin ukun ƙarshe. Daga nan ka sa makanikinka ya bi jerin umarnin gyara na dole, waɗanda suke kira AD, ɗaya bayan ɗaya. A Cessna akwai na layin da kujera ke gudu a kai, saboda an sha samun kujera ta zame baya lokacin tashi, matuƙi ya ja sitiyari tare da shi. A wasu Cherokee akwai na ƙashin fiffike, wanda ya biyo bayan hatsarin Fulorida na 2018 inda fiffike ya cire a sama.

Zuwa da kai, da makanikinka

Kar ka yi cinikin biri a sama. Kuma kar ka yarda makanikin da ke kula da jirgin ya zama shi zai duba maka. Jirgin farko da muka kusa saya, a kudancin Faransa yake, fari da ratsin ja, kujerun fata sababbi, hotunansa sun hana ni barci mako guda. Kyan ɗan maciji. Na tafi da wani dattijon makaniki da ya yi shekaru yana gyaran ƙananan jirage a nan arewa. Bai ko kalli fentin ba. Ya sa aka tashi da jirgin na rabin awa don inji ya yi zafi, aka dawo, ya kwance filtar man juye, ya yanka gwangwanin, ya warware takardar ciki a kan tebur kamar mai shanya kilishi. Ya karkata ta wajen hasken taga.

"Alhaji, miƙo min mayen ƙarfen can."

Na miƙa. Ya goga shi a lungunan takardar, ya ɗago. Bakinsa ya yi gashi-gashi da baƙin gari.

"Baba, wannan da yawa ne?"

"Ɗana, injin nan cin kansa yake. In ka saya, garambawul ka saya, jirgin kyauta aka ba ka."

Kafin alƙalamin da muka bayar bai dawo duka ba, amma mun tsira da sauran. Tun daga ranar na san jerin abin da za a duba. A gwada matsin kowace silinda inji na da zafi: ana hura iska mai matsin 80 a agogon gwaji, a ga nawa ta riƙe, abin da ya gaza 60 na neman bayani, kuma ka kasa kunne ka ji inda iskar ke fita, ta salansa ko ta kafireta ko ta wurin zuba man juye, don kowanne da cutar da yake nunawa. A zura 'yar kyamara ta ramin fulogi a ga bangon silinda da bakin bawul. A buɗe duk ƙananan murafan da ke ƙarƙashin fiffike da wutsiya, a haska tocila: alminiyam ba ya jan tsatsa, farin gari yake yi kamar an barbaɗa kanwa. A ɗaga kafet, a duba ƙarƙashin batir. A 172 da 182 a dubi bangon da ke tsakanin inji da matuƙi, wajen da ƙafar gaba ta kama. In ya yi tattara, an taɓa dira da hanci. A shafa bakin farfela da yatsa. A ƙarshe ka tashi da shi da kanka, ka saki sitiyari a sama ka ga ko yana karkata gefe.

Kawo shi gida

Hanya biyu ce. Ko ƙwararren matuƙi ya tuƙo shi, da izinin ratsa kowace ƙasa da shirin mai a kowane zango, wanda a halin tsaron Sahel na yanzu ba ƙaramin aiki ba ne. Ko a cire fukafukai a sa shi a kwantena mai ƙafa 40 zuwa tashar Duwala, jirgin ƙasa ya kawo shi Gaundare, mota ta gangaro da shi Garwa. Mu ta biyu muka bi. Ka tabbata an soke rajistarsa ta can, an ba ka takardar lafiyar jirgi ta fitarwa, ka kuma san kuɗin duwan, wato kwastan, tun kafin kaya su taso. Wanda zai mayar da fukafukan dole ya zama mai lasin da hukuma ta sani. Inshora kafin taya ta motsa. A sa masa na'urar neman ceto mai zangon rediyo 406, don tun 2009 tauraron ɗan Adam ya daina sauraren tsohuwar mai 121.5.

Zafi, wanda shi ne ainihin jarrabawar

Littafin jirginka an rubuta alƙalumansa ne a kan digiri 15 a bakin teku. Iska mai zafi ba ta da kauri, fiffike da farfela da inji duk sai su ji kamar suna kan dutse. Ga lissafin da za ka riƙe a ka: wannan ma'aunin na digiri 15 yana raguwa da digiri 2 a kowace ƙafa 1,000, sannan kowane digiri da zafin ranar ya ɗara ma'aunin, ka ƙara ƙafa 120. Filin Garwa kusan ƙafa 800 yake, ma'auninsa wajen digiri 13. Ranar da aka yi 42, bambancin 29 ne, ka ninka da 120 ka ƙara 800: jirginka ji yake yana sama da ƙafa 4,200 alhali yana ƙasa. Gaundare ta haura ƙafa 3,600, don haka ko a digiri 32 lissafin na kai ka wajen 6,500. Inji na rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace ƙafa 1,000. Doki 150 ɗinka sun koma wajen 120 ke nan a Gaundare.

Titin Garwa dogo ne, ya wuce kilomita uku, zai rufa maka asiri. Filayen daji na wajen gandun Buba Njidda da makamantansu ba za su rufa ba. Saboda haka ka auna kaya da sikeli, ban da ƙiyasi. 172 irin namu nauyinsa duka kada ya wuce kilo 1,043. Shi kansa ya kai wajen 640, cikakken tanki kuma ya haura kilo 110. Abin da ya saura bai kai 300 ba. Kujeru huɗu ne, amma manya huɗu da cikakken mai ba su shiga, balle a ce da buhun tsaraba. Faɗa wa surukinka haka da wuya, na sani, amma ka faɗa. Ka tashi da sassafe. Ka rage yawan man da ke gauraya da iska a inji kafin tashi yadda littafin jirgin ya ce in lissafin ya wuce ƙafa 3,000. Ka sa wa kanka alama a tsakiyar fili: in ka iso ta ba ka kai kashi 70 cikin 100 na gudun tashi ba, ka janye wuta ka taka birki.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne. Tashi da ido na bukatar ganin kilomita 5 a ƙalla, kuma hazo mayaudari ne: ka ga ƙasa tar a ƙarƙashinka, gabanka kuwa farin bango, ba sama ba ƙasa. Ka karɓi bayanin yanayi a ofishin ASECNA, hukumar kula da zirga-zirgar jirage, kafin kowace tafiya. In kana tsaye a fili ba ka ga duwatsun Tingilin ba, koma gida ka sha shayi. Da damina hadari daga gabas yake tasowa a jere, galibi da la'asar, da iska mai ƙura a gabansa. Ba a tsere da shi, ba a kuma bar jirgi a waje ba ɗauri. Wajen Marwa da Waza da tafkin Cadi kuwa ka nemi izinin hukuma da na soja kafin ka shigar da takardar tafiya, kar ka ɗauka sama ba ta da shinge.

Zaman yau da gobe

Ƙura ce ke cin injin a hankali. Ka riƙa duba filtar iska kafin kowane tashi a hunturu, ka canza ta tun kafin lokacinta. Ka tuna in ka ja maɓallin ɗumama kafireta, iskar da ke shiga ba ta bi ta filta, don haka a ƙasa gwaji kawai za ka yi ka mayar. Amma a sama da damina kar ka raina shi: kafireta na yin ƙanƙara ko ana digiri 30 in akwai laima, musamman a injin Continental. Juye duk awa 50 in akwai filta, 25 in raga ce kawai, ko wata huɗu in awannin ba su cika ba, kuma kowane juye a yanka filta a duba. Maganeto, masu ba fulogi wuta, a buɗe su duk awa 500. Kar ka ba inji wuta a kan tsakuwa, farfela na tsotso ta. Ka tashi da jirgin awa guda a ƙalla kowane wata. Kunna shi a ƙasa na minti goma ruwa kawai yake tara masa a ciki.

Mai daga duro, a bar shi ya kwanta, a haɗa wayar ƙasa tsakanin duro da mazurari da jirgi saboda tartsatsin da busasshiyar iska ke haifarwa, a tace, sannan a tsiyayo daga ƙasan kowane tanki a kwalba a ɗaga wa rana. Ruwa na kwanciya a ƙasa kamar ƙwayar ido.

Sai ƙananan maƙiya. Zanzaro na iya cika bututun auna gudu da laka cikin kwana biyu. Ya taɓa yi min: na ba da wuta, jirgi na gudu, allura na kwance a sifili, na tsaya da sauran fili. Da muka leƙa, ginin laka ne har da tsutsa a ciki. Irin wannan ake zargi a hatsarin Boeing 757 na 1996 a Jamhuriyar Dominika, wanda ya ci mutum 189. Ka rufe bututun, da ramin numfashin tanki, da bakin inji saboda tsuntsaye, kowanne da jan ƙyalle mai tsawo don kar ka manta da shi. Ɓeraye kuwa ta taya suke hawa, su ci waya, fitsarinsu ya ci alminiyam. Mun kewaye kowace taya da faifan kwano mai tsayin gwiwa, muka kuma ƙara wa mai gadi kuɗin kifin mage biyu da ke kwana a ƙarƙashin fiffiken hagu.